Yadda Za Ka Ziyarci Birnin Busan Ba Tare da Ka Bi Ayarin 'Yan Yawon Buɗe Ido Ba

Birnin Busan shi ne na biyu a girma a Koriya ta Kudu, yana da mutane kimanin miliyan 3.3, kuma a nan ne babbar tashar jiragen ruwan ƙasar take. Mafi yawan baƙin da suke zuwa can kwana biyu kawai suke yi. Sukan taso daga Seoul a jirgin ƙasa mai gudu na KTX, wanda yake cinye tafiyar cikin kimanin sa'a biyu da rabi, sannan su bi jerin wuraren da kowa yake bi: rairayin bakin teku na Haeundae, gadar Gwangan da fitilunta na dare, gidaje masu launi-launi na Gamcheon, kasuwar kifi ta Jagalchi, da haikalin Haedong Yonggungsa da ke kan duwatsun gaɓar teku. Duk wanda ya ce wuraren nan ba su da kyau bai faɗi gaskiya ba. Sai dai mutum yana iya zagaye su kaf, ya cika wayarsa da hotuna, ya koma gida ba tare da ya san dalilin da ya sa aka jera gidaje a kan gangaren duwatsu har kusan ƙololuwarsu ba, alhali amsar wannan tambaya ita ce mabuɗin fahimtar birnin baki ɗaya.

Amsar tana cikin Yaƙin Koriya na 1950 zuwa 1953. Sojojin Koriya ta Arewa sun ƙetaro iyaka ranar 25 ga Yuni, 1950, suka kama Seoul cikin kwana uku, kuma kafin watan Agusta babu abin da ya rage a hannun gwamnatin Kudu da dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya sai ƙusurwar kudu maso gabas, inda Busan take. Nan gwamnati ta tare, birnin ya zama fadar mulki ta wucin gadi har fiye da kwana dubu, nan kuma 'yan gudun hijira suka yi ta kwararowa ta ƙasa da ta ruwa. Garin da bai kai mutum rabin miliyan ba kafin yaƙi ya haura miliyan ɗaya a 1955. Filin da yake shimfiɗe tsakanin teku da duwatsu ɗan siriri ne, kuma an riga an cika shi tun zamanin mulkin mallakar Japan na 1910 zuwa 1945, saboda haka waɗanda suka zo daga baya sai suka haura sama, suka kafa bukkoki da katako da kwalayen kayan sojan Amurka da gwangwanayen da aka buɗe aka daddale. Unguwanni da kasuwanni da ma abincin da Busan take tinƙaho da shi a yau, yawancinsu daga wannan zamani suka samo asali. Idan ka shirya tafiyarka a kan wannan tarihi, za ka ga cewa wuraren da suka fi cancantar lokacinka ba su ne waɗanda aka fi tallatawa ba.

Shirin da ake yi tun daga gida

Ka ware wa birnin aƙalla kwana biyar, domin tafiyar da ake son ta bar wa mutum wani abu ba ta yiwuwa da gaggawa. Watan Afrilu da Mayu, da kuma Oktoba da farkon Nuwamba, su ne suka fi daɗin yawo da ƙafa. Daga ƙarshen Yuni zuwa Yuli ana ruwan sama mai yawa, Agusta akwai zafi mai gumi da cunkoson masu hutu a bakin teku, guguwar teku kuma takan biyo ta wannan yanki a Agusta da Satumba. Ka duba ranakun manyan bukukuwa biyu, wato Seollal na sabuwar shekarar wata da Chuseok na kaka, domin a lokacin ƙananan shaguna da gidajen abinci da yawa suna rufewa, tikitin jirgin ƙasa kuma yana ƙarewa da wuri. Yawancin gidajen tarihi ba sa buɗewa ranar Litinin. Ɗan Nijeriya yana buƙatar biza, kuma ofishin jakadancin Koriya ta Kudu yana Abuja, inda har ila yau akwai Cibiyar Al'adun Koriya wadda take koyar da harshen.

Abu mafi amfani da za ka yi kafin ka tashi shi ne koyon karanta haruffan Koriya, waɗanda ake kira Hangul. Tushensu haruffa 24 ne kacal, baƙaƙe 14 da wasula 10, waɗanda Sarki Sejong ya sa aka ƙirƙira a 1443 domin talakan da bai iya rubutun Sin ba ya samu abin da zai yi karatu da shi. Wanda ya iya karanta boko da ajami ba zai sha wahala ba, 'yan kwanaki sun ishe shi ya riƙa haɗa sauti. Ba za ka fahimci ma'anar duk abin da ka karanta ba, amma za ka iya gane sunan tasha a jikin bas da sunan abinci a allon bango, kuma da zarar ka fita daga unguwannin baƙi, a nan ne rubutun Turanci yake ƙarewa. Ka saukar da manhajar Naver Map ko KakaoMap a wayarka, domin an daɗe ba a dogaro da Google Maps a Koriya wajen nuna hanya, sannan ka ƙara da Papago domin fassara. Da ka isa, ka sayi katin sufuri irin su T-money a kowane ƙaramin shago na GS25 ko CU, ka zuba masa kuɗi da tsabar won, wato kuɗin ƙasar. Ka riƙa taɓa shi a na'ura lokacin shiga da lokacin sauka, domin da haka ne ake yi maka rangwame idan ka sauya daga bas zuwa jirgin ƙarƙashin ƙasa cikin rabin sa'a.

Batun masauki shi ne yake yanke hukuncin irin tafiyar da za ka yi. Wanda ya sauka a Haeundae zai kwana cikin dogayen benaye da otal-otal, kuma zai ɓata kusan sa'a guda a hanya duk lokacin da yake son zuwa tsohon gari. Ka nemi ɗaki a kan Layi na 1 na jirgin ƙarƙashin ƙasa, a Choryang kusa da babbar tashar jirgin ƙasa, ko a Jungang-dong, ko a Dongnae da ke can arewa, kuma ka zauna a wuri ɗaya har ka gama. Amfanin haka shi ne mai shagon da kake sayen ruwa a wurinta da mai gidan abincin da ke ƙarshen layi za su fara gane fuskarka, daga nan gaisuwa take zama 'yar hira, ko da rabinta da hannu ake yi.

Ka fara da hawa tudu

Ranar farko ka tsallaka titi daga tashar jirgin ƙasa ta Busan, ka bi hanyar da ake kira Choryang Ibagu-gil, wadda take ratsa unguwa tana haurawa sama. Za ka isa wata matakala mai hawa 168, miƙaƙƙiya, wadda idan ka tsaya a gindinta ka ɗaga kai sai gabanka ya faɗi. Ka hau ta da ƙafa idan kana da lafiya, ko da akwai wata hanyar da ta fi sauƙi, domin ta nan ne mata suke haurawa da ruwan da suka ɗebo daga rijiyar da ke ƙasa, ta nan kuma maza suke gangarowa a guje idan sun hango jirgin ruwa ya shigo, don kada aikin dako na ranar ya wuce su. A wannan unguwa akwai ɗan gidan tunawa da Dokta Jang Gi-ryeo, likitan da shi ma ɗan gudun hijira ne daga Arewa, wanda ya fara duba marasa lafiya kyauta a 1951, daga baya a 1968 ya kafa ƙungiyar taimakon kai da kai ta biyan kuɗin magani, shekaru kafin ƙasar ta samu inshorar lafiya ta kowa da kowa.

Idan ka kai sama za ka tarar da titin da ya ɗaure kugun duwatsun, wanda mutanen garin suke kira Sanbokdoro. Ka shiga bas ɗin gari mai lamba 86 ko 186, bayan ka tabbatar da hanyarsa a manhaja, ka zauna ta gefen da yake kallon teku. Da kuɗin da bai kai won 2,000 ba za ka ga tashar jiragen ruwa da gadoji da tsibirin Yeongdo a shimfiɗe ƙarƙashinka, abin da wasu suke biyan kuɗi mai yawa su hau bene ko keken igiya don su gani. Ka lura da motocin da aka ajiye a kan rufin gidaje, domin titin ya fi gidajen da ke ƙasansa tudu, ka lura kuma da shuɗɗan tankunan ruwa, da waɗanda suke shiga bas ɗin. Yawancinsu tsofaffi ne. Busan ita ce ta fara kaiwa matakin da kashi 20 cikin 100 na mazaunanta suka haura shekara 65 a cikin manyan biranen Koriya, a 2021, matasa suna ta ƙaura zuwa Seoul, kuma gidajen da babu kowa a cikinsu suna ƙaruwa a kan waɗannan tuddai.

Wurin da ya fi kowanne taɓa zuciya, a ganina, shi ne Ami-dong, wadda tudu ɗaya ne ya raba ta da Gamcheon, amma kaɗan ne daga cikin masu tururuwa zuwa Gamcheon suke leƙa ta. A zamanin mulkin mallaka nan ce maƙabartar Japanawa mazauna Busan. Da suka bar ƙasar a 1945 sai aka bar kaburburan babu mai kula, da yaƙi ya zo kuma 'yan gudun hijirar da suka rasa wurin sa haƙarƙari suka kafa tantuna a kansu, daga baya tantunan suka zama ɗakuna. Ka sauka a tashar Toseong, ka hau ƙaramar bas ta unguwa, sannan ka shiga lungunan da ƙafa kana duban ƙasa maimakon sama. A jikin katangar da ta tokare wani gida za ka ga dutse mai santsi, murabba'i, an kwantar da shi a kaikaice tsakanin sauran duwatsu, da rubutun sunan mamaci da shekarar rasuwarsa a sassaƙe, wani har da tambarin danginsa. Wani dutsen ya zama matakalar ƙofar gida, wani an ɗora tukunyar gas ko tukunyar fure a kansa. Ɗakunan ƙanana ne ƙwarai saboda girman kabarin ne ya yanke girman ɗakin. Har yanzu mutane suna zaune a ciki, saboda haka ka rage murya, kada ka leƙa taga ko ka tura ƙofa, kada kuma ka ɗauki hoton mutum sai da izininsa. Idan ka gangaro, gidan da shugaban ƙasa Syngman Rhee ya zauna a lokacin yaƙi yana kusa da tashar Toseong ɗin, an mai da shi gidan tarihi, shiga kuma kyauta ne.

Ita kanta Gamcheon ba sai ka ƙaurace mata ba. Mabiya wani addini da ake kira Taegeukdo ne suka kafa ta a shekarun 1950, fentin da zane-zanen da aka san ta da su kuwa sun fara ne daga wani shirin gyaran unguwa na 2009. Ka je da sassafe kafin manyan motocin baƙi su iso, ka bar babban titin da ake sayar da tsaraba, kuma kada ka shiga dogon layin da ake yi don ɗaukar hoto da wani mutum-mutumi da ke zaune a kan katanga, domin lokacin da za ka ɓata a layin ya ishe ka ka gangara Ami-dong ka dawo.

Wata rana ka tsallaka gadar Yeongdo da ƙafa. An buɗe ta a 1934, gada ce da ake ɗaga ɓangarenta jirgin ruwa ya wuce, kuma da yake ita ce abin da ko ɗan ƙauyen Arewa ya taɓa jin labarinsa a Busan, iyalan da suke gudu sukan yi alkawarin cewa idan hanya ta raba su, su haɗu a gadar Yeongdo. Mutane sun yi watanni suna zuwa suna tsayuwa a bakinta, har masu duba suka kafa rumfuna a ƙarƙashinta suna cin kasuwa da masu neman 'yan uwansu. An daina ɗaga ta a 1966, aka dawo da al'adar a 2013. Idan ka ƙetare ka karkata dama zuwa Daepyeong-dong, unguwar masu gyaran jiragen ruwa da ake kira Kangkangee, inda mata suka shafe shekaru suna zama a kan katakon da aka rataye da igiya a jikin jirgi suna kankare tsatsa da guduma, aikin da ya ciyar da iyalai da yawa ya kuma kurmantar da da yawa daga cikin masu yin sa. Har yau ana aiki a wurin, akwai ƙarar injin da warin mai da fenti, saboda haka ka tsaya a bakin hanya, kada ka shiga harabar da ba a gayyace ka ba.

Kasuwa da abin da za ka ci

Jagalchi kasuwa ce ta gaske, amma benen da ake kai baƙi su ci ɗanyen kifi yana da tsada. Ka bi ta bayan ginin da sassafe, ka miƙe gefen teku zuwa kasuwar asuba ta Chungmu-dong, inda masu gidajen abinci suke sayayya. Kasuwar Bujeon, wadda take daf da tashar da ke ɗauke da sunanta, ita ce inda matan gida suke zuwa, kuma za ka iya yin rabin yini a cikinta tsakanin masu busasshen kifi da ganyen teku da barkono da saiwoyin magani. Sannan akwai kasuwar Gupo kusa da tashar Deokcheon, wadda take ci duk bayan kwana biyar, a ranakun wata da suka ƙare da 3 ko 8. Wanda ya san yadda kasuwar ƙauye take cika ranar cinta a ƙasar Hausa zai gane abin da yake gani nan take: tsofaffin mata sun zo da abin da suka nome, sun baza shi a jajayen robobi a bakin hanya, kowace ta san abokan cinikinta. Ka riƙe tsabar kuɗi, kada ka tsananta ciniki a kan kayan da ba su taka kara sun karya ba, kuma idan mai kaya ta ƙara maka gyara ka karɓa da hannu biyu.

Musulmi yana buƙatar ya yi hattara, domin abincin da Busan ta fi shahara da shi, wato dwaeji gukbap, romon naman alade ne da shinkafa, kuma kusan kowane layi akwai gidan da ake sayar da shi. Ka haddace siffar kalmar 돼지, wadda take nufin alade, domin ka gane ta a allo. Taliyar sanyi ta milmyeon ma tana da tarihi mai daɗin ji, domin 'yan gudun hijirar Arewa ne suka ƙirƙiro ta da fulawar agajin Amurka da suka rasa sitacin da suka saba yin taliyarsu da shi, amma sau da yawa akwai ƙashin alade a romonta ko yankan namansa a samanta. Haka nan naɗin shinkafa na gimbap yawanci akwai sarrafaffen naman alade a cikinsa, miyar kimchi, wato kabejin da aka tsima da barkono har ya yi tsami, ita ma haka, kuma ana zuba giyar girki a wasu miyoyin. Ka rubuta a wayarka da harshen Koriya cewa ba ka cin alade kuma ba ka shan giya, ka nuna kafin ka zauna.

Sauƙin da Allah Ya kawo shi ne birnin na bakin teku ne. Kifin da aka fi ci shi ne godeungeo, wanda muke saya a daskare da sunan taitus, kuma yawancin wanda ake kamawa a Koriya ta Busan yake shigowa. Ka nemi ƙaramin gidan abinci da ake gasa kifi a bakin ƙofa, wanda ma'aikata suke cika shi da ƙarfe goma sha biyun rana. Idan ka zauna kada ka jira a kawo maka cokali, ka jawo 'yar aljihun da ke gefen teburin, a nan cokula da tsinkayen cin abinci na ƙarfe suke. Ruwan sha kai za ka ɗebo da kanka. Kafin kifin ya iso za a jera maka ƙananan kwanoni biyar ko shida, da kimchi da ganye da tsiron wake da ƙananan kifaye, duk suna cikin kuɗin abincin, kuma idan wani ya ƙare kana iya neman ƙari ba tare da an caje ka ba. Ana biya ne a bakin ƙofa lokacin fita, ba a kuma bayar da tukwici. Gidajen abinci da yawa suna rufewa tsakanin ƙarfe uku da biyar na yamma, wasu nau'o'in abincin kuma ba a sayar da su sai na mutum biyu. Idan ka samu gidan da ya yi maka, ka koma washegari maimakon ka yi ta neman sabo. Mai sha'awar nama kuwa, akwai gidajen abincin Uzbekawa a unguwar da ke fuskantar tashar jirgin ƙasa ta Busan da kuma garin Gimhae da ke maƙwabtaka, amma ya tambaya ko naman yankan Musulmi ne.

Maƙabarta da masallaci

A unguwar Daeyeon akwai maƙabartar Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda aka kafa a 1951, kuma babu irinta a duniya. Ƙasashe 22 ne suka aiko da sojoji ko ma'aikatan lafiya a yaƙin, daga Afirka akwai Habasha da Afirka ta Kudu. Kimanin mutum 2,300 ne suke kwance a wurin, Birtaniya ce ta fi yawa, sai kuma Turkiyya mai kaburbura 462, waɗanda Musulmi zai so ya tsaya a kansu ya yi addu'a. Ka karanta shekarun da aka rubuta a kan allunan, za ka ga yawancinsu samari ne 'yan ashirin da ɗoriya, kuma akwai wata siririyar magudanar ruwa da aka sa wa sunan wani sojan Ostareliya da ya mutu yana da shekara 17. Shiga kyauta ne, amma ana son a zo da sutura ta mutunci. Kusa da nan akwai gidan tarihin da aka buɗe a 2015 domin tunawa da Koriyawan da Japan ta kwasa aikin tilas, wanda zai fahimtar da kai dalilin da ya sa har gobe dangantakar ƙasashen biyu take da tsami.

Limaman da suka zo tare da sojojin Turkiyya su ne suka dasa Musulunci a Koriya ta wannan zamani. An buɗe babban masallacin Seoul a 1976, na Busan kuma, wato Masallacin Al-Fatah, a 1980, yana kusa da tashar Dusil a kan Layi na 1. Ka yi ƙoƙari Juma'a ta riske ka a can. Za ka haɗu da ma'aikatan masana'antu da ɗalibai daga Indonesiya da Pakistan da Bangladesh da Uzbekistan da wasu ƙasashen Afirka, kuma babu wanda zai ba ka labarin rayuwar baƙo a Koriya, daɗinta da ɗacinta, kamar su. Ka tuna cewa alƙibla a Koriya tana yamma ne, da ɗan karkata zuwa arewa, kuma agogon ƙasar yana gaban na Nijeriya da Nijar da sa'a takwas. Akwai ban-ɗaki mai tsabta kyauta a kowace tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, sai dai ba za ka samu buta ba, don haka ka riƙa yawo da 'yar gorar ruwa.

Inda mutanen garin suke hutawa

Idan kana son ka ga mutanen Busan a sake, ka bi su dutse ranar Asabar. Ka sauka a tashar Beomeosa, ka hau bas mai lamba 90 zuwa haikalin Beomeosa na mabiya addinin Buddha, wanda aka kafa a shekara ta 678. Ba a tilasta wa baƙo ya rusuna ko ya yi wata ibada, abin da ake so kawai shi ne ya yi shiru, ya cire takalmi idan zai shiga zaure, ya bi ta ƙofar gefe, kada kuma ya ɗauki hoton masu ibada. Akwai shirin kwana a haikali da ake yi wa baƙi, amma ka sani cewa yakan haɗa da rusunawa a gaban gunki, saboda haka ka yanke shawara tun kafin ka biya. Daga bayan haikalin hanya ta haura zuwa ƙofar arewa ta ganuwar Geumjeong, wadda aka gina a 1703, daga nan kuma zuwa ƙololuwar Godangbong mai tsawon mita 801. Za ka yi ta cin karo da dattawa maza da mata cikin kayan hawan dutse masu launi, da sanduna a hannu, waɗanda za su wuce ka kana haki. Ka gaishe su da annyeonghaseyo tare da ɗan sunkuyar da kai. Idan sun zauna hutu sukan miƙa wa baƙo lemo ko kokwamba, amma farin abin sha mai kauri da suke zubawa a kwano giyar shinkafa ce, sai ka yi godiya ka ce ba ka sha. Kada ka ji haushi idan an tambaye ka shekarunka da ƙasarka tun a gaisuwar farko, domin a harshensu sai an san wanda ya girmi wani kafin a san irin maganar da za a yi masa. Baƙar fata zai ga ana kallonsa a tsofaffin unguwanni, kuma yawanci gaisuwa ce take kawo ƙarshen kallon.

Bayan saukowa, Dongnae tana nan kusa da maɓuɓɓugarta ta ruwan zafi. Gidajen wankan jama'a sun raba maza da mata, amma tsirara ake shiga, wanda kuwa hakan bai dace da shi ba yana iya zuwa wurin jiƙa ƙafa na waje da ke Oncheonjang, ya naɗe wando ya zauna cikin tsofaffin unguwa. Mai son teku ya bar Haeundae ya bi hanyar ƙafa ta gaɓar Igidae zuwa Oryukdo, tafiyar da ba ta kai kilomita biyar ba amma akwai hawa da sauka, ko ya bi Layi na 1 har ƙarshensa zuwa Dadaepo domin faɗuwar rana.

Daga ƙarshen Maris zuwa farkon kaka ana wasan besbol, kuma ko ba ka san dokokinsa ba ka je filin Sajik ranar da ƙungiyar Lotte Giants take wasa a gida. Rabon ƙungiyar da kofin ƙasa tun 1992, amma magoya bayanta suna cikin mafiya zafi a Koriya, kowane ɗan wasa da waƙar da dubban mutane suke rera masa idan ya fito, kuma wanda ke kusa da kai zai koya maka amshin ko ba ka roƙe shi ba. Yawanci ba a wasa ranar Litinin, tikitin Asabar da Lahadi kuma yana ƙarewa da wuri, saboda haka ka zaɓi wasan tsakiyar mako, ka isa filin kamar sa'a guda kafin a fara, ka nemi kujera a ɓangaren magoya bayan masu gida.